Laftof tana mutuwa da azahar: a kai ta birni ne ko a buɗe ta a gida?

Nura Mai Shago:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana a taimaka min. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a ƙauyenmu, gefen Ringim. Laftof ɗin da nake aiki da ita ta hannu ce, Core i5 ƙarni na shida, ram 8. Da safe lafiya ƙalau take. Amma da zarar rana ta take, daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa la'asar, sai fankarta ta kama kuka, gefen hagu ya yi zafin da ba ka iya barin hannunka a kai, komai ya riƙa nauyi, can sai ta ɗauke ɗif ba sallama. Sai ta huce sannan take yarda ta tashi. Ga shi lokacin fitar da silif ɗin JAMB ne, yara cike da bakin ƙofa. Wani ya ce in yi mata fomatin, wato a goge komai a sake sa Windows, wani ya ce ta gama yayi in sayar in huta. Me ya kamata in fara yi?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam. Yaya Nura, bairos ne, ka yi fomatin kawai. In ta ƙi ji ka riƙa kai ta firjin mai fiya wata ta sha sanyi kafin azahar 😂

Malam Habu:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Auta, ko da wasa kake ka bari, wani zai karanta ya ɗauka gaske. Ka ga yadda gorar ruwa take zufa idan aka fito da ita daga firji? Haka cikin laftof zai yi, kuma wannan raɓar a kan bod, wato babban allon da kayan cikinta suke manne a kai, za ta sauka. An je neman maganin zafi an dawo da gawa.

Malam Nura, kada ka yi fomatin yanzu. Kwamfutar da take lafiya da safe ta mutu da rana, agogon rana take bi, bairos kuwa bai san safe da rana ba. Ka fara aunawa. Ka sauke HWMonitor ko Core Temp, ƙanana ne ba sa cin data. Za su nuna maka zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da digiri. Ka duba sau biyu: lokacin da ba ka buɗe komai ba, da lokacin da kake tsakiyar aiki. Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka ga ko akwai abin da yake cinye ƙarfin furosesa a ɓoye. Ka kuma kara bayan hannunka a ramin da iska take fita ka ji ƙarfinta. Ka kawo mana amsar ukun nan.

Ɗan Auta:
Allah ya huci zuciyar Malam, na janye firji. Amma fomatin ina nan a kai.

Injiniya Bala:
Barkanmu da war haka. Ni tun kafin ya auna na san abin da za a tarar, don a irin wannan watan aikin da ya fi zuwa min shago ke nan a Gumel. Bari in faɗi yadda cikin yake, don wanda bai taɓa gani ba.

Furosesa ɗan ƙaramin abu ne, bai kai faɗin kan sarki ba, amma shi ne yake fitar da yawancin zafin. A kansa an ɗora faifan tagulla, tsakaninsu an shafa wani mai mai launin toka da muke ce wa fes. Daga faifan akwai bututun tagulla a rufe ruf, a cikinsa ɗan ruwa ne kaɗan. Zafi ya mayar da ruwan tururi, tururin ya tafi ɗaya bakin, ya huce, ya dawo. A wancan bakin akwai jerin haƙoran ƙarfe sirara, dab da ramin da ka ji yana zafi. Fanka tana jan iska daga ƙasan laftof ta hura ta tsakanin haƙoran nan zuwa waje. Shi ke nan duk tsarin.

To mu nan tun daga Nuwamba har Fabrairu hazo muke shaƙa. Duk ƙurar hunturun nan fanka ta ja ta, ta je ta tsaya a bakin haƙoran daga ciki, ta haɗu da zare da gashi da burbushin takarda, ta zama bango. Lokacin sanyi ba ka ganewa, don iskar ɗakin ma tana taimaka mata. Sai bazara ta shigo asiri ya tonu. Fanka tana ta juyi iya ƙarfinta, shi ne kukan da kake ji, amma iska ba ta da hanyar fita. Irin furosesan ka idan ya kai digiri 100 iyakarsa ke nan. Kafin ya kai sai ya rage gudu da kansa, shi ne nauyin da kake gani. In hakan bai isa ba ya kashe kansa don kada ya ƙone. Mutuwar da take yi, kare kanta take.

Shawarata ka kawo ta wurin mai gyara a buɗe, a wanke, a sa sabon fes.

Nura Mai Shago:
Na gode ƙwarai. Na auna yanzu, ƙarfe biyu da rabi. Ban buɗe komai ba tana nuna 70. Da na buɗe Chrome da Word na tura takarda firinta sai da ta taɓa 97. A Task Manager ba abin da yake cin furosesa, ƙasa da kashi 10 yake zaune in ba na aiki. Iskar kuwa da ƙyar nake jin ta, amma zafi kamar me.

Malam Habu:
Madalla. Auta, ga amsarka. Furosesa yana zaune ba ya aikin komai amma yana 70, to ba manhaja ba ce. Wadda take lafiya a zaune tsakanin 40 da 55 za ka gan ta, ko a zafinmu. Fanka tana kuka amma iska ba ta fita: hanya ce a toshe, kamar yadda Injiniya ya faɗa.

Inda na saɓa da shi shi ne batun a ɗauka a kai wa mai gyara. Injiniya, Allah ya ba ka haƙuri. Bawan Allahn nan yana ƙauye, lokacin kasuwarsa ne. Ya rufe shago ya biya kuɗin mota zuwa Dutse ko Kano, ya wuni, wataƙila a ce ya dawo gobe, duk saboda ƙurar da buroshin haƙori zai fitar? Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: laftof ɗin mai shago cike take da hotunan fasfo na 'ya'yan mutane, da takardun NIN, da sakamakon jarrabawa. Amana ce. Ba kowane teburi za ka ajiye ta ka tafi cin abinci ba.

Injiniya Bala:
Malam, ranka ya daɗe, maganar amana gaskiya ce, ban musa ba. Amma kai malamin kwamfuta ne, hannunka ya saba. Ni kuma ragowar aikin masu buɗewa a gida nake karɓa, shi ya sa nake tsoro. Wani ya buɗe bai cire wayar batir ba, sukudireba ta zame ta taɓa bod, walƙiya ɗaya shi ke nan. Wani ya ɗaga kibod da ƙarfi ya yage siririyar wayar da ke ƙasansa. Wani wajen mayarwa ya ɗauki dogon sukuru ya sa a ramin gajere, ya ɗaure har ya huda ta sama. Akwai wanda ya lanƙwasa bututun tagulla don ya leƙa ƙarƙashi, bai san in ya karye ko ya huje ya tashi daga aiki ba har abada. Kowannensu kuɗin mota yake gudu, ya ƙare da kuɗin bod. Na yi shekaru ina koyon aikin nan a kasuwar Farm Centre ta Kano kafin a bar ni in taɓa kayan kwastoma ni kaɗai.

Alhaji Sule Mai Sola:
Ku yara kuna wahalar da kanku. Ni tawa in ta fara wannan kukan, wurin mai faci nake kai ta a bakin tasha a Dambatta, ya saita mata bakin iska a ramin, fuu, ƙura ta tashi. Ba buɗewa ba komai. Har yau tana nan.

Injiniya Bala:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, sa'a ka taka. Tankin mai faci ruwa yana taruwa a cikinsa, wani lokaci har da mai, iskar tana fitowa da su. Ka sa ya hura a tafin hannunka ka gani. Na biyu ƙarfinta na tayar mota ne. Idan ta bugi fanka tana juya ta fiye da gudun da aka yi ta dominsa, sai gindin fankar ya lalace ta fara gurnani, ko fiffike ya ɓalle. Na uku, in ka hura daga waje, bangon ƙurar nan ciki yake komawa, ya dunƙule ya shiga tsakanin fuka-fukan. Na sha karɓar wadda fankarta ta tsaya cak saboda haka.

Alhaji Sule Mai Sola:
To ni dai ban gani ba tukuna. Amma na ji.

Malama Rabi:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ina shigar da bayanan rigakafi ne a ƙaramin asibitin garinmu, da daddare nake yi a gida in yara sun kwanta. A kan katifa nake ɗora ta, wani lokaci a kan filo a cinyata. Ita ma tana zafi sosai ta ƙasa. Duk matsalar ɗaya ce?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Malama. Ki kifa ta ki duba ƙasanta, za ki ga ramuka jere. Ta nan take shaƙar iska. Katifa da filo da bargo da darduma duk suna toshe su, kuma suna cika ta da zare. Ki samu faifan katako ko farantin silba mai faɗi ki riƙa ɗora ta a kai. In kin ɗaga bayanta da murfin gora guda biyu, ɗaya a kowace kusurwa, ya fi kyau, iska za ta samu hanya.

Musa Ɗalibi:
Mu a hostel kiret ɗin ƙwai na kwali muke sawa. Ramukansa suna barin iska ta wuce, kuma kyauta ne a wurin mai shayi.

Yaya Nura, kafin ka yanke shawarar buɗewa, ga abin da zai riƙe ka yau da gobe. Ka shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings. Ka nemo Processor power management, a ƙarƙashinsa Maximum processor state, ka mayar da 100 zuwa 99, na batir da na caji duka. A yawancin furosesan Intel wannan yana kashe ƙarin gudun da suke ce wa Turbo Boost, kuma shi ne yake sa zafi ya yi tsalle lokaci ɗaya. A Word da fitar da silif ba za ka ji bambanci ba. Wasu laftof ɗin sun ɓoye wurin, in ba ka gani ba kada ka damu.

Nura Mai Shago:
Na gan shi, na mayar. Na kuma ɗora ta a kan kiret. Yanzu a aiki tana tsayawa wajen 88, ba ta mutu ba tun ɗazu. Allah ya saka da alheri ƙanena.

Injiniya Bala:
Panadol ne, ba magani ba. Bangon yana nan.

Alhaji Sule Mai Sola:
Bari in yi magana a inda na sani. Nura, shagon naka rufin kwano ne? Akwai silin?

Nura Mai Shago:
Kwano ne Baba, babu silin. Taga ɗaya, ƙofa tana kallon yamma.

Alhaji Sule Mai Sola:
To ai ga rabin ciwon nan kuna ta zagaye. A Afrilu da Mayu garin nan a inuwa ma yana wuce digiri 40. Ƙarƙashin kwano ba silin kuwa sai wanda ya zauna. Ga injin fotokwafi yana fitar da nasa zafin, ga na laminetin, wataƙila janareta yana bakin taga. Ko da an wanke ta fes, iskar da za ta shaƙa ta hura wa kanta ai wuta ce. Ka samu kwali ko tabarmar kaba ka yi silin, ko ka shimfiɗa zana a saman kwanon ka danne da duwatsu. Ka ja teburin daga jikin bangon yamma. Ka raba ta da injin laminetin. Ƙaramar fankar sola mai cin bolt 12 ka saita ta tana kaɗawa ta gefen teburin. Kai ma za ka ji daɗin zama.

Malam Habu:
Wannan magana ta Baba ita ce ba wanda ya faɗa a cikinmu, kuma tana da tushe. Ku duba littafin da yake zuwa da laftof, ko shafin kamfanin: yawancinsu sun rubuta a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuma wata biyu zuwa uku a shekara muna sama da haka tun hantsi. Ƙurar da laftof za ta jure a Ingila shekara uku ba ta yi ƙorafi ba, a nan kashe ta take. Shi ya sa ake kawo ta hannu tana aiki sumul, ta yi hunturu ɗaya a wurinmu ta fara rigima, a ce ɗan kasuwa ya yi cuta. Sau da yawa bai yi ba.

Ɗan Auta:
To waccan fankar da ake sayarwa ta ƙasan laftof mai fitila shuɗiya fa? Ba ta isa ba?

Musa Ɗalibi:
Tana rage 'yan digiri kaɗan in hanyar ciki a buɗe take. In a toshe take, fitilar kawai ka saya. Kuma daga jikin laftof ɗin take shan wuta.

Nura Mai Shago:
To yanzu ni na rasa na bi. Malam ya ce in buɗe, Injiniya ya ce kar in taɓa. Zuwa birni a satin nan ba zai yiwu ba.

Injiniya Bala:
Turo min hoton ƙasanta.

Nura Mai Shago:
Na tura.

Injiniya Bala:
To, ka yi sa'a. Irin wannan murfin ƙasa ne kawai, in ka cire shi fanka tana kallonka. Da irin wadda sai an ɗaga kibod da bod ce, wallahi ba zan yarda ba. Mu raba aikin biyu ni da Malam. Ƙura ka fitar da kanka. Fes kada ka taɓa, wannan sai hannun da ya saba.

Da farko ka kwafe duk aikin mutane a fulash ko had dis na waje. Ka kashe ta gaba ɗaya, ba rufe murfi ba, ka zare caja. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a teburi. Ka zana hoton ƙasanta a takarda, duk sukurun da ka cire ka ajiye shi a kan zanen daidai inda ya fito. Gefen murfin da tsohon katin waya ko na ATM za ka bi, ba da wuƙa ba. Kafin ka taɓa komai a ciki ka taɓa ƙarfen ƙofa ko taga, saboda ɗan tartsatsin da jiki yake tarawa lokacin bushewar iska. Da ka buɗe, abu na farko ka zare wayar batir daga bod, ka kama kan robar, kada ka ja wayar, sannan ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire wani abu. Fanka sukuru biyu ko uku ne da 'yar waya. Ka ɗaga ta ka kalli bakin haƙoran ta ciki. Busasshen buroshin haƙori da ɗan abin hura iska na roba sun isa. In za ka hura fankar ka riƙe fuka-fukan da yatsa kada su juya. Ba a hurawa da baki, yawu yana bi. Sukurorin da ke kan faifan tagulla, masu lamba 1, 2, 3, 4, haramun ne a gare ka yau.

Malam Habu:
Na sa hannu a wannan sulhu. Ƙari ɗaya: ka yi da sassafe kafin kwastoma, ba tsakiyar layi ana yi maka magana ba.

Ɗan Auta:
Wani a unguwarmu man goge baki ya shafa maimakon fes, ya ce ya yi.

Injiniya Bala:
Ya yi na kwana biyu. Ruwa ne a cikinsa, da ya ji zafi ya bushe ya zama gari, a koma gidan jiya ko fiye. Fes na gaske irin su Arctic MX-4 sirinji ɗaya yana yin laftof da yawa, don abin da ake sawa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin furosesa da tagulla, ba a lafta shi. Sai an goge tsohon tas da sifirit an bar shi ya bushe, sannan a ɗaure sukurorin bi da bi yadda lambarsu take. Kuma ba duk shekara ake canza shi ba. Wanda ya ce maka duk wanki sai sabon fes, kuɗinka yake so. Amma laftof ɗin ƙarni na shida da ba a taɓa buɗewa ba, nata ya daɗe da bushewa.

Nura Mai Shago:
Barkanmu da safiya. An yi aiki bayan asuba. Jama'a, abin da na tarar a bakin haƙoran nan ba ƙura ba ce, wani baƙin dunƙule ne mai tsawon yatsa, na ɗaga shi gaba ɗaya da tsinken sakace bai warware ba. Da na haska fitilar waya ta tsakanin haƙoran, kafin in goge ko ɗigon haske ba ya wucewa. A ƙarƙashin fankar har da busasshen kyankyaso. Sukuru ɗaya ya so ya ba ni wahala, kansa ya ɗan cinye, na bi shi a hankali ya fita. Yanzu ƙarfe biyu na rana: a zaune 54, a aiki ba ta wuce 79 ba, kuma iskar tana kaɗa takarda. Silin kuma na yi wa kafinta magana.

Malam Habu:
Alhamdu lillahi. To kada a jira sai ta sake mutuwa. Mu a ɗakin kwamfuta na makarantarmu lokacin wanki shi ne ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, hazo ya ɗauke, zafi bai kankama ba. Mai shago a bakin titi ya ƙara wani bayan damina. In an tashi aiki a rufe ta da ƙyalle, amma sai ta huce kuma a kashe take. Kada a tura ta cikin jaka tana barci, wani lokaci tana farkawa a ciki ta dafa kanta. Cin biredi da gyaɗa a kan kibod shi yake gayyato tururuwa da kyankyasai.

Ta ɓangaren manhaja, ka buɗe Startup a Task Manager ka kashe tarkacen da ke tashi tare da ita. Antibairos ɗaya ya isa, wanda ya zo da Windows ɗin ma yana aiki in ana sabunta shi. Biyu faɗa suke yi da juna, furosesa ya sha wahala. Kuma kwafin aikin mutane ya zama duk Juma'a. Google Drive yana ba da gig 15 kyauta, ya ishi takardu.

Musa Ɗalibi:
Auta ma yana da ɗan gaskiya a wani wurin, kada mu danne masa haƙƙi. Manhajojin da ake fasawa a raba a fulash, wasu suna zuwa da ɓoyayyen abin haƙar kirifto. Wannan kam zai sa furosesa a kashi 100 dare da rana, ko a cikin firjin ne sai ta yi zafi. Bambancin shi ne yawanci Task Manager zai nuna, na Yaya Nura kuwa bai nuna ba.

Sannan in da hali ka sa SSD, sabuwar ma'ajiyar bayanai marar juyi, in tsohon had dis mai juyi ne a ciki. Ba zai magance zafin furosesa ba amma saurin da za ka gani sai ka yi mamaki. Abu ɗaya kuma ka sani: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga furosesan Intel ƙarni na takwas yake farawa. Ba yau ba, amma duk ranar da za ka canza laftof ka tuna da wannan.

Ɗan Auta:
A rubuta a ajiye, yau an ce ina da gaskiya a zauren nan.

Alhaji Sule Mai Sola:
Ku ƙara da caja. Araha ba ta ado. Cajar da ba ta da nauyi a hannu, wadda take zafi har ba ta taɓuwa, ku rabu da ita. Ku duba rubutun ƙasan laftof: bolt ya zama daidai, HP da Dell yawanci 19.5, Lenovo 20, wat kuma kada ya gaza abin da aka rubuta, in ya fi ba laifi. Masu janareta, a bar shi ya daidaita kafin a jona, a kuma zare kafin a kashe shi. Masu sola da ƙaramar inbata, in caja tana ƙara zii tana zafi, inbatar ce ba ta fitar da wuta mai santsi. Akwai caja ta mota da take ɗauka kai tsaye daga batir mai bolt 12, ba sai an bi ta inbata ba.

Malama Rabi:
Na bi shawarar faranti, zafin ya ragu, na gode. Amma da na ɗora ta a kan abu mai shafe sai na lura ba ta zama daidai, tana rawa. Wurin da ake jan yatsa kuma ya ɗan taso, dannawa ma da ƙyar. Gefen gaba ya ɗan buɗe baki. Shi ma ƙura ce?

Injiniya Bala:
Hajiya, wannan ba ƙura ba ce. Batir ne ya kumbura, yana turo abin da ke samansa. Ki zare caja yanzu. Kada ki danna wurin don ya koma, kada ki ɗora mata nauyi, kada wani ya ce zai huda ya saki iskar. Batirin litiyam in aka huda shi wuta yake kamawa, kuma ba irin wadda ake kashewa da kofin ruwa ba ce. Zafi da zama a caji kullum a cike su suke kawo haka, katifar nan ta taimaka. Daren yau kada ta kwana a ɗakin da yara suke. Ki ajiye ta a kan siminti, nesa da katifa da labule da galan ɗin fetur.

Malam Habu:
A nan kam ba ni da ja. Malama, wannan ba aikin gida ba ne, a kai wa mai gyara. Sauran 'yan uwa masu barin laftof a caji wuni guda, ku duba ko taku tana da wurin tsayar da caji kafin ya cika. Lenovo yana cikin Lenovo Vantage, Dell da manyan HP na ofis yana cikin BIOS, shafin saitin da ake shiga da an kunna ta kafin Windows ya tashi.

Malama Rabi:
Innalillahi. Na zare. Matsalar ita ce ta wurin aiki ce, sai na gaya wa oga kafin a taɓa ta, ga rahoton wata ban tura ba. Zan iya kunna ta in kwafe?

Injiniya Bala:
Ki kunna ba tare da caja ba, a kan siminti, ki kwafe a fulash ki kashe nan take. In kin ji wani wari mai zaƙi-zaƙi ko ta fara zafi da sauri, ki bar kwafin ki fitar da ita tsakar gida. Ki gaya wa ogan naku da safe, ki nuna masa yadda ta buɗe baki. Idan an cire batirin za ta yi aiki da caja kaɗai kafin a samu sabo, sai dai duk ɗaukewar wuta za ta mutu, don haka ki riƙa adana aiki akai-akai. Tsohon kuma kada a jefa shi a bola inda ake cinna wuta, ki bar shi wurin mai gyaran.

Malama Rabi:
To Injiniya. Sabon a ina ake samu? Nan kusa da mu ko mai gyaran waya sai ranar kasuwa.

Injiniya Bala:
In an cire a ɗauki hoton takardar da ke jikinsa, akwai lamba a kai, ki turo min. Da ita zan sa a duba a Kano, direban da yake kawo min kaya ranar Laraba sai ya taho da shi.